Maganin Tsutsa da Gonar Obadiah

Akwai wani manomi a gefen Sheda mai suna Obadiah. Masara yake nomawa a gonar da ya gada, kuma duk damina sai tsutsa ta shige zuciyar masarar ta yi ɓarna.

Wata shekara ya tarar wasu tsutsotsin sun hau saman ganye sun mutu, jikinsu ya narke. Ya kwashe su a kwalba ya kai wa Dakta Ammar, mai bincike a wani ɗakin gwaji da ke kusa.

Dakta ya gano ƙwayar cutar bairos ce, irin wadda tsutsa kaɗai take kamawa. Murna ta cika shi. Ya yi ta hayayyafa ta a cikin kwalabe, wannan ta haifi waccan, har bai rage komai daga na asalin ba.

Hadijatu, abokiyar aikinsa mai nazarin ƙwayoyin gadon bairos ɗin, ta same shi a ofis.

"Dakta, akwai matsala. Garin yawan juye shi daga kwalba zuwa kwalba, wani yanki na gadonsa ya ɓace. Yankin da yake kama tsutsa da shi ne idan ta ci ganye. Mu gwada a kan tsutsa mai rai tukuna."

"Kina firamare na fara wannan aikin," ya ce. "Manya za su zo ganin gona, in ce musu su jira ki?"

Da kansa ya je wurin Obadiah ya ce kada ya fesa maganin kasuwa bana.

"Oga, ko rabin gona in fesa? Yara na makaranta."

"Ko layi ɗaya. Ka bar mini komai."

Aka fesa ruwan bairos ɗin Dakta, aka ɗauki hotuna. Tsutsa ta ci ganyen, ta ƙara ƙiba. Kafin a farga ta gama da masarar, saura kara tsaye.

Obadiah ba shi da abin kaiwa rumbu. Masu gina rukunin gidaje sun daɗe suna zawarcin filin, wannan karon ya sallama.

Ran da Dakta ya koma neman tsutsa mai ciwon asali don ya sake farawa, katafila ta riga ta share gonar. Ya iske Obadiah yana ɗaure kaya, zai koma Durumi neman aikin gadi.



"Oga, ba don maganinka bai ci ba nake jin zafi," in ji Obadiah. "Da ka ce mini ba ka tabbata ba, da yau ina da rabin gona."

Ya ɗora kayan a kai ya wuce.

Darasi: Faɗin "ban tabbata ba" ba ya rage wa mai ilimi daraja. Girman kan babba, ƙaramin da ya amince masa ne ke ɗaukar nauyinsa. Ku tura wa duk wanda mutane ke dogara da maganarsa.