Hitar da Aka Toshe wa Baki

Mijina Habila ba ya nan. Shi ne yake buɗe ƙofar majami'ar nan da sassafe, shi yake tayar da janareta, shi yake yi wa fasto tafinta. Mun binne shi kafin girbi. An ce in rubuta wa ajin manya darasin wannan Lahadi, wai a kan haƙuri. Ba zan rubuta a kan haƙuri ba. Ban yi karatu mai zurfi ba, amma na yi zaman aure da mai aikin famfo, daga sana'arsa kuwa zan ba ku misali.

Akwai wani mutum, maigida, wanda ya gina gidansa a kan tudu, a ƙasa mai sanyi. Ya sayi hita, tankin nan da ake kafawa a bangon banɗaki yana dafa ruwan wanka da wutar lantarki. Ya kira mai aikin famfo ya kafa masa. Da mai aikin ya gama sai ya ce, "Maigida, duk shekara in damina ta wuce, ka kira ni in yi mata sabis. Zan kashe ta wuni guda, in zubar da ruwan cikinta, in wanke lakar da ta kwanta a gindi, in duba abin da yake yanke wuta in ruwa ya yi zafi. Wannan ɗan bututu na gefe kuma bakinta ne. In zafi ya yi mata yawa, ta nan take fitar da shi."

Maigida ya ce to.

Damina ta wuce, ba a kira shi ba, sai mai aikin famfo ya zo da kansa. Maigida ya tare shi a ƙofa ya ce, "Ta lalace ne?"

"Ba ta lalace ba."

"To, me za ka gyara?"

"Ba gyara na zo yi ba, maigida. Gyara sai abu ya lalace. Sabis kuwa tun abu yana da lafiya ake yi masa, don kada ya kai ga lalacewa."

Maigida ya yi dariya. "Ku ji mutumin nan. Surukaina sun zo daga ƙasar zafi, da safe haƙoransu har karo suke yi, kai kuma ka ce in kashe musu ruwan zafi wuni guda? Bari su tafi tukuna."

Surukai suka tafi, ba a kira shi ba. Da shekara ta kewayo mai aikin famfo ya sake zuwa, ya tarar matar gida ta haihu, ana wankan jego safe da yamma. Aka ce bari jego ya wuce. Haka dai, kullum akwai dalili, dalilin kuwa ba na ƙarya ba ne.

Ana nan sai ɗan bututun nan ya fara ɗiga. Ya jiƙa daɓe, ya ɓata fentin bango, ƙarar ɗigon kuma ta dami maigida. Bai kira mai aikin famfo ba, gama ya san zai ce a kashe ta. Ya je bakin kasuwa ya ɗauko wani mai gyara, ya ce masa, "Ɗigon nan nake so ka tsayar mini, amma kada ka kashe ta."

Mai gyara ya ce, "Wannan ai ba aiki ba ne." Ya ɗauko matoshi na ƙarfe ya ɗaure bakin bututun tam. Ɗigo ya tsaya. Maigida ya ji daɗi, ya ce wa matarsa, "Kin ga mai aiki na gaske. Shayina ko hucewa bai yi ba ya gama."

Abin yanke wutar nan kuwa, da ba wanda ya taɓa dubawa, ya riga ya mutu, shi ya sa take ɗiga. Ruwa ya yi ta tafasa a ciki, ba shi da mafita. Wata safiya iyalin suna tsakar gida suna shan koko, sai hitar ta fashe. Bango ya zube, kwanon rufi ya yage.

A ranar maigida bai ce yana da baƙi ba. Ya aika a kira mai aikin famfo da gaggawa, maƙwabta suka cika gidan da shebur da kwanon sarki, kowa yana cewa a ba shi aiki. Mai aikin famfo ya tsuguna, ya juya ɓallin tankin, ya ce, "Maigida, babu abin da zan gyara a nan."

Ma'anar wannan misali ita ce, hitar nan ɗan'uwa ne mai yi wa ikilisiya hidima. Maigidan kuwa ku ne.

Habila ya ɗiga, kun kuma ji ƙarar. Ya gaya wa dattawa kansa yana sara, idonsa yana duhu, yana roƙon a ba shi hutun wata guda. Wani dattijo, yana zaune cikinku, ba zan rubuta sunansa ba, ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Haba Habila, kai ne ƙarfen ikilisiyar nan. In ka zauna, wa zai yi? Bari taron shekara ya wuce." Taro ya wuce, aka ce bari Kirsimeti ya wuce. Kirsimeti ya wuce, aka fara ginin gidan fasto, shi ne kuma mai ja bututu kyauta. Da ya sake magana, kuka zaunar da shi a tsakiya, kuka ɗibiya masa hannu, kuka yi addu'a da murya mai ƙarfi, da aka ce amin kuka miƙa masa mabuɗan majami'a. Wata ta zaro ƙwayar ciwon kai daga jakarta ta ce ya haɗiya, Shaiɗan ne kawai.

Ban rena addu'a ba, da ita nake tsaye yau. Amma addu'ar da aka yi don mutum ya yi shiru ya koma bakin aiki, matoshi ce. Daga ranar Habila bai ƙara cewa komai ba, ko a gida. Ku kuma kuka ce ya warke.

A gindin janareta ya faɗi, hawan jini ya shanye masa ɓarin jiki. Nan take motoci suka samu, motocin da ba a samu ba lokacin da yake bukatar a kai shi a auna jininsa kawai. Kun cika asibiti da kwanukan abinci da ba zai iya haɗiya ba. Ranar biso kuka yi anko, mawaƙa suka raira har muryarsu ta dushe. Kun iya gyara, 'yan'uwa, kun kuma iya biso ƙwarai. Duban mutum tun yana kan ƙafarsa ne ba ku iya ba.

Da don ni kaɗai ne, da na yi shiru. Amma mabuɗan nan yanzu suna hannun Barnaba tela. Matarsa Afiniki ta gaya mini ba ya iya barci. Lahadin da ta wuce na gan shi zaune a bayan majami'a ya riƙe kansa da hannu biyu, na kuma ji da kunnena an ce masa, "Barnaba, daure, bari taron zumuntar mata ya wuce."

Kada mu tashi yau sai wani ya karɓi mabuɗan nan daga hannunsa na wata guda, wani kuma mai mota ya kai shi a auna shi gobe. In ba wanda zai karɓa, a bar ƙofar a kulle, mu yi sujada a gindin mangwaro ba lasifika. Allahn da ya huta bayan ya gama aikinsa ba zai yi fushi don Barnaba ya kwanta ba.

Ku sunkuya mu yi addu'a tare.

Ya Ubangiji, kai ka san masu hidimar da suka gaji a cikinmu, ka kuma san waɗanda muka rufe wa baki. Ka buɗe kunnuwanmu mu ji su tun suna iya magana. Ka hana mu fakewa da sunanka muna ƙarar da 'yan'uwanmu. Ka ba Barnaba barci, ka ta da hannun da zai karɓi kayansa yau ɗin nan. Fushin da yake cikina kuma ka gan shi, ban ɓoye maka ba; ka riƙe ni har ya huce. Cikin sunan Yesu Almasihu. Amin.