Geron Tsohuwa Toyo

An yi wani mutum, manomi ɗan manomi, ana ce masa Tanimu. Shekarun baya can aka tura shi ƙasar Japan koyon noman shinkafa. Kada ku ji Japan ku hango benaye da motoci. Wani ɗan ƙauye aka kai shi a arewacin ƙasar, tsakanin duwatsu, inda ƙanƙara ke binne gona kusan rabin shekara.

A ƙauyen akwai ragowar wata ƙabila da ake kira Ainu. Su ne 'yan asalin wurin, amma zamani ya ci su. Harshensu ya maƙale a bakin tsofaffi, 'ya'yansu sun watse birni. Cikinsu akwai wata baiwar Allah, tsohuwa Toyo, maƙwabciyar gidan da aka sauki Tanimu. Ba musulma ba ce, na faɗa muku tun yanzu kafin wani ya tare ni a bakin ƙofa da tambaya. Hali na zo nuna muku, hali nagari kuwa duk inda ka tsince shi naka ne.

To ku saurara. Kowa a ƙauyen ya koma shinkafa da dankali, Toyo kaɗai ke shuka gero. I, gero na ce. Zangarniyarsa ba ta kai tamu ba, amma gero ne. Daga uwarta ta karɓi irin, uwar ma daga tata uwar. Takan ce in tana yankan geron nan sai ta ji kamar uwarta na gefe tana waƙa da harshen da yau ta rasa abokin yinsa. Shekarar da Tanimu ya zo, sanyi ya faɗo da wuri ya ƙone gonar. Abin da ta tsira da shi 'yar zangarniya ce da ba ta cika hammata ba, ta ɗaure ta rataye saman murhu don iri. Babu mai irinsa a ƙauyen, babu a maƙwabta. In wannan ya tafi, geron uwarta ya tafi ke nan.

Hunturu ya kankama, Tanimu ya kwanta. Likita ya ba shi magani zazzaɓi ya sauka, amma ci ya ƙi. A kawo shinkafa ya kau da kai, a kawo kifi ya kau da kai. Ciwon gida ne, jama'a. Wanda bai taɓa kwana inda babu mai amsa masa sallama ba, ba zai gane ba. Mutum ya rame sai ido, har masu masaukinsa suka fara tsoron kada ya mutu a hannunsu.

Toyo takan kira shi ɗakinta ya ji ɗumin wuta. Ran nan ya ɗaga kai sai ya ga zangarniya. Ƙato da gemunsa, sai hawaye. Da ɗan harshen Japan ɗin da ya tsinta ya ce, "Kaka, wannan abincin gidanmu ne. Da shi uwata ke dama mini kunu."

Kai Tanimu! Ɗan manomi ne fa kai, ka san abin da ake ratayewa a hayaƙi. Amma kewa ta rufe masa ido, ya ɗauka tsohuwa na da rumbu.

Washegari ta sauke rabi, ta sussuka, ta sheƙe, ta daka, ta dama. Ya shanye har da lashe cokali. Da gari ya sake wayewa aka kawo masa wani abinci, ya kasa ci. Ta kuma saukewa. 'Yarta Sumie, wadda ta zo ganin gida daga birni, ta riƙe mata hannu ta ce, "Inna, iri ne fa, kuma shi ke nan."

Toyo ta ce, "Na sani. Yaron nan ma irin wata ne, tana can tana jiran a mayar mata da shi."

Haka ta yi ta saukewa har igiya ta rage ba komai. Ƙaiƙayin kuwa ba ta watsar ba. Al'adarsu ce, akwai wuri guda a gefen gida da ake zuba ƙaiƙayi da dusa cikin ladabi, don a ganinsu abin da ya ciyar da kai ba a taka rigarsa. Can ta kai, ƙanƙara ta rufe.

Tanimu ya miƙe. Kafin ƙanƙara ta narke lokacinsa ya cika, ya yi mata godiyar kwanon kunu, ya ce zai dawo. Bai san abin da ya sha ba.

Zai dawo, zai dawo. Bana aure, baɗi gini, wata shekara ruwa bai yi ba. Duk sanda aka dama kunu a gidansa sai ya tuna ɗakin nan da wutar nan, ya ce baɗi in Allah Ya so. Sai da furfura ta kama shi hanya ta samu, ya ɗauki turmin atamfa ya tafi. Ya sami ƙauyen ya ƙara yin shiru. Sumie ce ta buɗe masa ƙofa, ita ma ta manyanta, ta dawo gida da zama. Ta shaida masa tsohuwa ta rasu a hunturun da ya wuce.

Nan ta ba shi labarin irin. Tanimu ya durƙushe, ya ce ashe gadon mutane ya shanye. Sumie ta ja shi gefen gida. Gero ne tsaye, gona guda. Ta ce bayan tafiyarsa, da ƙanƙara ta narke, tsohuwa ta je wurin ƙaiƙayi ta tarar da 'yan tsiro daga ƙwayoyin da suka kuɓuce wa sheƙa. Ta kewaye su don kada barewa ta cinye, ta raine su, daga nan iri ya dawo. Sannan ta shigar da shi ɗaki. Saman murhu ɗauri biyu ne a rataye.

Ta ce, "Wannan iri ne. Wancan naka ne. Kowace kaka sai ta ɗaure sabo ta ce, kada ya zo ya tarar babu."

Ta dama masa kunu. Ya riƙe kwanon yana kuka har ya huce a hannunsa.

Jama'a, alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. Tsohuwar nan ba daga rara ta bayar ba, daga iri ta bayar, Allah kuwa Ya mayar mata ta inda ba ta zata ba. Mu da muka san baƙonka annabinka, sai tuwo ya kwana muke tuna baƙo. Wannan ɗaya. Na biyu, kowane ɗayanku yana da tsohuwar da ta taɓa sauke masa irinta, wata gwaggo, wata inna, wani malami a ƙauye. Tanimu teku ce ta raba su. Kai motar safe ce kawai, kana ta cewa baɗi. Zumunci a ƙafa yake. Ka tashi ka je tun mai ɗaurin ce za ta miƙa maka da hannunta.