Shatin Ƙwallo a Kan Farin Layi

Akwai wani dattijo a unguwar Bani Harisa ta Madina da ake kira Ammu Abdallah, wato Baffa Abdallah. Bature ne ɗan ƙasar Sweden, dogo, mai ɗan ɗingishi. In ka gan shi da jallabiya yana zaɓen tumatir a kanti, ba za ka taɓa cewa shi ne Nils ɗin da duniya ta yi yayinsa a wasan tanis ba.

Ɗan ma'aikacin katako ne, daga wani ƙaramin gari da sanyi ke hana mutane fita rabin shekara. A zauren makaranta ya koyi wasa, daga nan ya zaga duniya yana kwasar kofuna. Ba a taɓa jin ya ɗaga wa alƙalin wasa murya ba. Da gwiwarsa ta gaza, ya ajiye raket ba tare da surutu ba. Mai yi masa tausa, Bakri, Bahaushen Sudan ne. A hannunsa ya musulunta, ya auri ƙanwarsa, ya dawo Madina da zama. Hausarsa kam sai a hankali, har gobe "kai" yake ce wa matarsa.

Ya buɗe ƙaramin filin koyarwa na jar ƙasa, irin wanda ƙwallo ke barin shati duk inda ta sauka. Dokokinsa biyu ne, kuma daga garinsu ya taho da su. Ta farko, babu alƙali, kowa shi ke faɗin ko ƙwallon da ta faɗo ɓangarensa ta shiga ko ta fita. Ta biyu, wanda ya ci wasa shi ke jan buroshi ya share filin saboda masu zuwa.

Cikin ɗalibansa babu kamar Saif, saurayi ɗan Hausawan unguwar Ƙurban. Allah ya ba shi hannu, ya kuma haɗa masa da baki. In ya doka mai kyau sai ya tsaya yana gyara gashi, ko za a tafa.

Sai aka ce za a ɗauki ɗan wasa ɗaya daga filin zuwa Jidda, inda ake zaɓar masu wakiltar ƙasa. Mutum biyu suka rage, Saif da Yazid, wani shiru-shiru da ba a cika lura da shi ba. Wanda ya ci, shi zai tafi.

Mahaifiyar Saif, Hajiya Sharifa, ta riga ta gama shelanta wa unguwa cewa ɗanta ya tafi Jidda. Ranar wasan bayan La'asar ta zo da maƙwabta mota guda, har da kular waina.

"Kai Saifu, kada ka ba ni kunya a gaban mutanen nan," ta ce.

"Khalas ya ummi, an gama," ya amsa. Ita da Hausa, shi rabi da Larabci, haka suka saba.

Ashe ba a gama ba. Yazid ya zame masa ƙarfen ƙafa, duk abin da ya doka sai ya dawo masa. Gumi ya jiƙa Saif sharkaf kafin ya kai inda maki ɗaya kawai yake nema. Yazid ya sako wata doguwa can ƙarshen fili. Saif ya gan ta da idonsa, ta ɗan lashi farin layi. Ta shiga kenan.

"Barra!" ya daka tsawa. Wai ta fita.

Yazid ya zo bakin raga ya miƙa hannu, idonsa ya kaɗa. Hajiya Sharifa ta rangaɗa guɗa, aka buɗe kular waina.

Ammu Abdallah ya taso daga bencinsa yana ɗingishi. Bai yi murna ba, bai ɓata rai ba. Ya miƙa wa Saif buroshi.

"Mabruk, barka. Yalla, kai share."

Saif ya fara ja daga raga, yana sauri. Da ya iso ƙarshen fili sai ƙafarsa ta tsaya. Ga shatin nan ɓaro-ɓaro, rabinsa a kan layi. Ja ɗaya zai yi ya ɓace, babu mai sake gani. Ya waiga. Dattijon ya ba shi baya, yana tattara ƙwallaye a kwando. Babu mai kallonsa.

Jama'a, da an tsare shi da tambaya, wallahi da ya rantse ya kuma rantsewa. Amma an bar shi shi kaɗai da buroshi a hannu, kuma a nan kunya ta kama shi, irin wadda bai taɓa ji ba. Ya ɗaga buroshin, ya sauke. Ya kasa.

"Yazid," ya kira. "Ta'al, zo ka gani. Ta shiga. Ƙarya na yi."

Hajiya Sharifa ta miƙe da waina a hannu.

"Kai ɗan nan, waye ya tambaye ka?"

"Babu, ya ummi."

Yazid ya ce a bar shi, tunda an riga an gaisa. Saif ya ƙi. Aka ba Yazid makinsa, aka ci gaba daga inda aka tsaya, kuma kafin kiran Magariba Yazid ya cinye wasan. Jidda ta kuɓuce. Saif ya zauna a ƙasa ya rufe fuska da tawul yana kuka, don abin ya yi masa ciwo ƙwarai.

Dattijon ya lallaɓa ya durƙusa kusa da shi a kan gwiwar nan mai ciwo.

"Ammu, ka gani tun farko?"

"Na gani."

"To me ya sa ba ka yi magana ba?"

"Ɓangarenka ne. Ni ba na faɗa maka." Ya dafa kafaɗarsa, ya koma Larabci don maganar ta fita sosai. "Na kara da manyan duniya. Masu hannu irin naka na ga da yawa. Wanda zai iya abin da ka yi yanzu, ban ga ko biyar ba. Yazid zai je Jidda, haƙƙinsa ne. Kai kuma daga gobe ni da kaina zan tsaya maka a ɗaya ɓangaren raga, ko gwiwar nan ta so ko ta ƙi."

Hajiya Sharifa ta iso kansu tana huci. Ta dubi ɗanta ta daɗe, sannan ta juya ga maƙwabtanta tana share ido da gefen mayafi.

"Na ce muku ɗana zai je Jidda, ban faɗi daidai ba. Amma ku dube shi da kyau. Wannan ni na haife shi."

Darasi: Gaskiyar mutum ba a gane ta lokacin da idanu ke kansa, sai lokacin da zai iya share laifinsa babu wanda ya sani. Nasarar da aka samu da ƙarya ba ta kai darajar faɗuwa da mutunci ba, kuma malamin ƙwarai yakan ba ɗalibi dama ya gyara da kansa. Ku tura wa iyaye, malamai da matasanmu, wataƙila wani na tsaye da nasa buroshin a yau.