Tukunyar da Aka Cika Har Wuya

Ya 'yan uwa, yau a kan hassada zan yi magana. Ba hassadar bare ba, ta cikin gida. Irin wadda mutum zai ga wanda suka sha nono ɗaya ya samu, sai ya ji kamar shi aka ƙwace wa. Ku gyara zama.

An yi wani mutum mai sana'ar ɗura gas, Dogo ake ce masa. Shagonsa na bakin titi, gidansa na manne da bayan shagon, ƙofa ɗaya ce tsakani. Ya iya aikinsa, ba zan rage masa komai ba. Shi ya koya wa ƙanensa, autan gidansu, yadda ake ɗora tukunyar gas a sikeli, a cire nauyin ƙarfen, a ɗaura tiyo, a kafa wa allura ido. Shi ya koya masa shafa kumfar sabulu a wuyan tukunya don a gane mai yoyo. Kuma da bakinsa ya koya masa babbar dokar sana'ar: ba a cika tukunya har wuya. Gas ɗin nan ruwa ne a ciki, in ya ji zafi kumbura yake yi. Dole a bar masa sarari a sama, a faɗarsa, inda zai miƙe ƙafa. Shi ya sa tukunyar da aka ɗura daidai, in ka girgiza ta, sai ka ji ruwa na kai-kawo a cikinta.

Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Auta ya girma, ya yi aure, ya buɗe nasa shagon a tsallaken titi. Ranar kafa allon shagon ma Dogo ne ya riƙe masa tsani. Ya ɗauka yaro zai riƙa tsintar abin da ya zube daga hannunsa ne.

Sai Allah ya buɗa wa Auta. Ba wani asiri ba ne. Tsohuwa ta zo, ya ɗaukar mata tukunya har bakin mota. Robar wuya ta tsufa, ya canza bai ce komai ba. Mutane suka fara layi a can. Dogo kuwa na kan bencinsa, shayi na hucewa a hannunsa, idonsa na tsallaken titi. Ba fa cewa ya rasa masu zuwa ba. Yana samu, iyalinsa na ci suna ƙoshi. Amma duk tukunyar da ta shiga shagon Auta, ji yake kamar daga ɗakinsa aka ɗauko ta.

Ran nan ya je gaida mahaifiyarsu, ta nuna masa sabon rufin da Auta ya sa mata, tana ta sa albarka. Ya ce madalla, amma haƙoransa a cije. Da ya koma gida ya ture kwanon abinci. Matarsa ta ce masa shi ma ai Allah bai hana shi ba. Ya dube ta ya ce, "Ke ma ki ɗauki tukunyarki ki bi layinsa mana."

To, akwai wata Hajiya mai babban gidan abinci. Tukwanenta manya ne, irin masu kai wa mutum ƙirji, kuma wajen Auta take ɗura su. Duk sanda motar kayanta ta tsaya a tsallake, Dogo sai ya tashi ya shige ciki. Wannan matar ita ya ƙwallafa rai sai ya raba ta da ƙanensa.

Ya shirya ya tafi, wai gaisuwa ya je. Aka yi ta hira har suka kai ɗakin girki. Ya dafa wata tukunya da aka kawo da safen nan, ya jijjiga ta. Ruwa ya yi motsi a ciki. Ya girgiza kai irin na mai jin nauyin magana. Hajiya ta matsa masa.

Ya ce, "Hajiya, ƙanena ne, bakina ba zai iya ba. Amma ke ma kina da kunne. Abin da ya cika yana ƙara?"

Kun ji? Bai yi ƙarya da baki ba, a ganinsa. Ya dai ɗauki ilimin da ya sani sarai, ya juya shi ya soki ɗan uwansa da shi.

Hajiya ta aiko masa da tukunya ɗaya don gwaji. Ya ɗora a sikeli. Allura ta kai inda ake tsayawa, bai tsaya ba. Ya ci gaba da ɗurawa har famfo ya fara nishi. Aka kai mata, ta sa ma'aikatanta suka jijjiga, shiru kamar dutse. Daga ranar motar kayanta ta koma tsayawa a ƙofar Dogo.

Magana ta bazu. Mata suka riƙa tsayawa gaban shagon Auta suna girgiza tukwanensu, suna kara kunne. Ya yi musu bayani, ya nuna musu sikeli, ya ce sararin nan nan ne gas ke miƙe ƙafa, shi ne tsaron ransu. Wata ta ce tun da take ba ta taɓa jin iska mai ƙafafu ba, balle ta miƙe su. Aka kwashe da dariya, aka tsallaka titi. Auta ya ce ko zai wuni bai sayar ba, ba zai ƙara ko ɗigo a kan ƙa'ida ba.

Ku lura, 'yan uwa. Ƙarin da Dogo ke zubawa daga jikinsa yake fita, ba wanda ke biyansa. Asara yake yi yana murmushi. Don me? Don ba riba yake nema ba. Bencin Auta yake son gani babu kowa a kai. Mai hassada ke nan. Ya yarda ya rame, in dai wancan bai yi ƙiba ba.

Auta ya tsallako wata rana da yamma, ya durƙusa ya gaida wansa. Ya ce, "Yaya, ka riƙe su duka, wallahi na yafe. Amma ka bar wa gas ɗin nan wurinsa. Kai ka koya mini."

Dogo ya yi dariya ya ce, "Da nake koya maka, majina ce a hancinka. Yanzu ka ga layi ya dawo gidansa, baƙin ciki ya hana ka zama."

Kun ga yadda ciwon yake? Mai shi ne ke fara ganinsa a jikin wani.

Allah ba ya kama bawa sai ya yi masa gargaɗi. Manyan tukwanen nan suna da wani ɗan bawul a ka, wanda in iska ta matsu sai ya buɗe da kansa ya yi huci, ya rage. Na Hajiya suka fara huci da rana, ɗakin girki ya ɗauki wari, ta aiko da ƙorafi. Nan ne wurin tuba. Da ya rage ɗuri, da magana ta ƙare. Amma in ya rage, tukunya za ta yi motsi, Hajiya za ta gane Auta ne mai gaskiya. Wannan kuwa ya fi masa mutuwa ɗaci. Sai ya samo notuna na ƙarfe ya toshe bawulolin, ya ɗaure tam da sifana. Huci ya tsaya. Ya ce ya gyara.

Ranar da abin zai faru, ya ɗura tukwanen Hajiya da sanyin safiya, kowacce har wuya. Motar da za ta kwashe su ta lalace a hanya. Yana da rumfa a gefe, mai inuwa da iska. Bai kai su can ba. Ya jera su a ƙofar shago, a fili, inda Auta zai gan su duk sanda ya ɗaga kai. Rana ta ɗaga, ta take. Ƙarfe ya yi zafin da hannu ba ya iya taɓawa.

Auta ya hango, hankalinsa ya tashi. Ya jiƙa buhuna ya rugo da su don a lulluɓa. Dogo ya tare shi a bakin kwalta, ya ce kada ya kuskura ya taɓa masa kaya, ya kwashe tsummansa ya koma inda ya fito. Auta ya zubar da buhunan nan a ƙasa ya koma, yana waiwaye.

Bayan azahar ɗaya daga cikinsu ta tsage daga ɗinkin gindi. Gas ya fito fari fat yana bin ƙasa, don shi ba sama yake tashi ba, kwanciya yake yi ya malala kamar ruwa. Ya shiga shago, ya bi ƙarƙashin ƙofar nan guda ɗaya, ya shiga tsakar gida. Matar Dogo na girki, 'yarsu na gefenta. Dogo ya ruga yana kiran a kashe wuta. Bai kai ba, gas ya riga shi isa murhu, wuta ta tashi.

Ba sai na faɗa muku yadda sauran tukwanen suka bi ba, tunda an toshe musu hanyar numfashi. Abin da zan faɗa muku shi ne wanda ya kutsa cikin hayaƙin. Auta ne. Da me ya naɗe wansa ya jawo shi waje? Da buhunan nan da aka ce ya kwashe.

Ya 'yan uwa, Auta ya tare wa Dogo arzikinsa ne? Abin da aka rubuta wa mutum, akwai ƙanen da zai tsallaka titi ya ɗauke? Dogo ba jahili ba ne, ya fi kowa sanin abin da zafi ke yi wa cikakkiyar tukunya. Hassada ba ta goge masa ilimin ba, ta dai sa ya taka shi da ƙafa yana gani. Duk wanda ke zaune a nan da ciwon ɗan uwansa a ƙirji, ya sani shi ma bawul yake toshewa.

Ga abin da ya tashi da shi. Shago ya tafi. Gida ya tafi. Shagon telan da ke maƙwabtaka da shi, wanda bai ci ba bai sha ba, ya ƙone da kekunansa. Hukuma ta hana shi sana'ar har abada, ko da ba ta hana ba, yatsun da zai riƙe sifana sun naɗe. Kunnensa ɗaya ya mutu. Matarsa ta warke ta tafi gidansu, ba ta dawo ba. 'Yarsa na ɗauke da tabo daga kunci har wuya, kuma ta san wanda ya jawo mata. Hajiya ta koma wajen Auta. Shi kuwa yana ɗakin da Auta ya ba shi, yana cin abin da matar Auta ta dafa, a baki ake ba shi. Da rana a fito da shi inuwar rumfar shagon Auta, ya zauna yana jin ana girgiza tukwane, ruwa na kai-kawo a ciki, da kunnen da ya rage masa.

Allah ya wanke mana zukata, ya sa mu iya ganin alheri a hannun 'yan uwanmu mu ce madalla har cikin rai. Allah ya kiyaye mu da irin wannan ƙarshe.