Katin Gayyatar Kawu Rufa'i

Akwai wani saurayi a Tudun Wada mai suna Bature, wanda ya je Kano ya koyo tsara manhajar kwamfuta. A 1998 ya dawo ya buɗe shagon buga takardu, ƙanwarsa Safara'u tana taya shi, tana kuma karance littattafansa.

Da aurensa ya matso, sai ya rubuta manhajar da za ta bi sunaye ɗaya bayan ɗaya, ta buga wa kowa katinsa.

Safara'u ta leƙa ta ce, "Yaya, ba ka sa catch ba. In wani suna ya kawo matsala, me zai tare ta ya sanar da kai? Finally ma babu, wanda zai rufe fayil ko aiki ya yi kyau ko ya ɓaci."

"Wannan na masu kuskure ne," in ji Bature.

Ya danna maɓalli manhajar ta fara aiki, ya tafi aski. Ya dawo ya kwashi katuna, abokai suka raba.

Ashe da manhajar ta zo kan "Rufa'i", ɗan waƙafin sama da ke tsakanin a da i ya rikita ta, ta tsaya cak. Malam Rufa'i kuwa kawun amarya ne, shi zai ba da auren.

Bayan kwana uku sai ga saƙon Malam Rufa'i daga Doguwa: "A gaya wa ango, Balarabe mai shayi ya samu kati, ni ban samu ba. Ya nemi wani waliyyin."

Bature ya ruga shago. Fayil ɗin sunayen da aka bari a buɗe ya lalace.

Safara'u ta ture shi daga kujera, ta sake shigar da sunayen, ta sa catch da finally ɗin nan. Nan take manhajar ta nuna sunan da ya maƙale, ta wuce na gaba. Safara'u ta gyara, katin ya fito.

Bature ya hau babur har Doguwa, ya durƙusa ya miƙa.

Kawu ya juya katin. "An ce kwamfuta ce ta manta da ni?"

"Wallahi Kawu, ni ne."

"To tashi. Na ɗauka ita zan aura wa yarinyar."

Darasi: Kafin ka fara aiki, ka tanadi abin da za ka yi idan ya ɓaci, kuma kada ka raina gyaran na ƙasa da kai. Ku tura wa wanda kuka san ba ya jin gyara.