Kiran Sa'adiyya a Bakin Teku

Akwai wani gida a Ƙofar Guga cikin birnin Katsina, gidan Malam Salahuddeen da matarsa Rahmatu. Shi ma'aikacin gwamnati ne, mutum mai raha da son yawo. Ita kuwa Bafulatana ce daga rugagen wajen Kaita, mace mai tsafta da kamun kai, wadda duk unguwa aka shaide ta da kunya.

'Ya'yansu uku. Babbar ita ce Halimatu Sa'adiyya, 'yar aji uku a firamare. Sai Sadiq mai bi mata, sai Muhsina da ke goye.

To, kun dai san al'adarmu a kan ɗan fari. Uwa ba ta kiran sunansa, ba ta jan sa a jiki a gaban mutane. Matan yanzu da yawa sun sassauta, amma Rahmatu ta riƙe abin da hannu biyu. Tun ranar suna bakinta bai taɓa furta sunan yarinyar nan ba. Daga "ke" sai "waccan". Ko a asibiti aka tambaye ta sunan, sai ta miƙa kati ta kau da kai. Mijin nata ma Baban Sadiq take ce masa, sai ka ce Sadiq ne ya fara zuwa duniya.

Kuma fa ba ƙiyayya ba ce. Allah ya sani tana son yarinyar har cikin ranta. In zazzaɓi ya kama Sa'adiyya, Rahmatu ko loma ba ta iya kaiwa baki. Sai dai haka ta tashi ta ga mahaifiyarta Inna Dije tana yi wa nata ɗan farin, ga kuma tsofaffin unguwa kullum cikin sa mata albarka, wai a zamanin nan ba a samun irinta. Gaskiyar magana, yabon yana yi mata daɗi.

Da aka yi hutun makaranta, Salahuddeen ya ɗauki hutu a ofis, ya ce zai kai iyalinsa Legas a motarsa, yara su ga teku da idonsu ba a waya ba. Rahmatu ba ta so ba. Ta kawo maganar nisa, ta kawo maganar tsaron hanya, duk ya ture da dariya. Da ta ga ba makawa, ta yi dambun nama da cincin, ta zaga maƙwabta ta yi sallama. Suna idar da sallar asuba suka kama hanya.

Wanda bai taɓa doguwar tafiya da ƙananan yara ba, bai san me ake kira haƙuri ba. Tun daga Charanci Sadiq ya fara tambayar ko an iso. Muhsina ta ƙi goyo, ta ƙi cinya. Ga ramuka, ga shingen jami'an tsaro, ga manyan motoci suna wucewa kamar za su ɗauke su. Rahmatu ta kasa zama wuri ɗaya. Ta gyara mayafi, ta duba waya, ta ce a rage gudu, an rage kuma ta ce dare zai yi musu.

Bayan Funtuwa amai ya taso wa Sa'adiyya, wadda ke zaune a baya jikin taga. Gaban Rahmatu ya faɗi, amma ko waiwayawa ba ta yi ba. Ta zaro leda ta miƙa wa Sadiq ta ce ya ba waccan. Ta cikin ɗan madubin gabanta take satar kallon yarinyar. Can kuma Sadiq ya datse yatsa da murfin kula, sai ga Rahmatu ta juya gaba ɗaya, tana hura masa yatsan, tana kiran sunansa tana yi masa sannu. Sa'adiyya tana kallo, ledarta a hannu.

A Abuja suka kwana gidan ƙanin Salahuddeen, washegari suka ɗora. Da suka hau gadar Lokoja Sadiq ya miƙe tsaye yana murna wai ga teku, uban ya ce ai wannan ƙanin teku ne. Bayan nan mota ta yi shiru, Rahmatu ta jingina kai ta lumshe ido. Sa'adiyya ta ɗauka barci take yi, sai ta matso bayan kujerar ubanta ta yi ƙasa da murya.

"Abba, wai Umma ta san sunana kuwa?"

Salahuddeen ya yi dariya. "Haba Sa'a, ita ta haihe ki hwa."

"To mi ya sa ba ta hwaɗi?"

Ya yi mata bayanin kunyar ɗan fari daidai yadda yaro zai gane. Yarinyar ta ce to, ta koma jikin tagarta.

Rahmatu ta ji komai. Ta so ta buɗe ido ta ce wani abu, amma me za ta ce, kuma a gaban uban? Sai ta lallashi kanta da cewa yarinya ce, in ta girma za ta gane. Duk da haka, daga nan har Ibadan har Legas, zuciyarta ba ta kwanta ba.

Gidan wani abokin Salahuddeen suka sauka a Agege. Da suka huta gajiya, ranar Asabar suka kutsa cikin cunkoson motocin Legas zuwa bakin teku. Kafin su fita daga mota, Salahuddeen ya juyo ya ja wa yaran kunne. Ya ce nan ba Katsina ba ce. Duk wanda ya ɓace ya nemi wuri ya zauna, kada ya bi kowa, kada ya amsa kiran wanda bai sani ba, har sai iyayensa sun zo.

Rahmatu na ganin ruwan ta ja da baya. Ita iyakar babban ruwan da ta sani shi ne dam ɗin Jibiya, wanda yake kwance abinsa. Wannan kuwa ba shi da ƙarshe, kuma ruri yake, ya taso ya daki yashi ya koma. Ga jama'a maƙil, ga kiɗa yana tashi ta ko'ina, ga masu dawaki suna ratsa mutane. Suka kama rumfa guda cikin jerin rumfunan da duk kamarsu ɗaya. Ta zauna da Muhsina, idonta a kan Salahuddeen da ya riƙe hannun yaran biyu, ruwa yana wanke musu ƙafa suna tsalle.

Da azahar ta yi, Salahuddeen ya ja Sadiq suka tafi neman wurin alwala. Sa'adiyya ta tsaya a bakin rumfa ta tambayi uwar ko za ta iya zuwa nan kusa ta tsinci katantanwa.

"Kada dai a yi nisa," in ji Rahmatu, tana kallon wani wuri.

Muhsina ta fara rigima, Rahmatu ta rufa mata hijabi ta ba ta nono. Ba ta jima ba. Tana ɗago kai, babu Sa'adiyya.

Ta miƙe ta duba dama, ta duba hagu. Ta saɓa Muhsina a baya ta fita ko takalmi babu. Ta kira wayar mijinta, sai ta ji tana ƙara a cikin jakar da ke kafaɗarta. Ta nufi bakin ruwa, ta dawo, ta sake komawa. Duk yarinyar da ta hango da jan ɗankwali irin na Sa'adiyya sai ta bi ta, in ta juyo sai ta ga ba ita ba ce. Tana ta cewa "Ke! Ke!" amma a wurin da ke da mata sun fi a ƙirga, wace ce ke? Kowane tashin ruwa sai ta ji kamar a kan zuciyarta yake sauka.

Wata mata da ke zaune da 'ya'yanta ta ji tana salati da Hausa, ta taso da sauri. Sunanta Ruth, 'yar Kafanchan ce mai aure a Legas. Ta riƙe hannun Rahmatu ta tambaye ta abin da ya faru, ta tambayi shekarun yarinyar da kalar kayanta. Sannan ta tambayi sunanta, don a bazu ana kira.

Jama'a, ku ji ikon Allah. Mace 'yarta ta ɓace a bakin teku, amma sunan ya zo bakinta ya tsaya. Abin da ya fito kawai shi ne, "Ɗiyar hwari ce."

Ruth ta san al'adar, da Hausawa ta tashi. Ta dube ta cikin ido.

"'Yar'uwa, ruwan nan bai san 'yar fari ba. Ki kira yarinyarki."

Rahmatu ta buɗe baki. Da farko muryar ta fito a shaƙe, don harshen bai saba ba. Na biyu kuwa da duk ƙarfinta ta kira.

"Sa'adiyya! Halimatu Sa'adiyya!"

Ta bi jerin rumfuna tana kira, ta wuce masu gasa kifi tana kira, ta je har inda masunta suka jingine jiragensu a kan yashi tana kira. Kunya ta tafi, hijabi ya karkace, hawaye da majina duk sun haɗu. Ruth da manyan 'ya'yanta suka bi ɗaya ɓangaren. Har muryar Rahmatu ta dishe, babu wanda ya amsa.

Ana cikin haka Salahuddeen ya dawo da Sadiq, ya tarar da rumfa ba kowa. Ya hango matarsa can wajen jiragen masunta, ya ruga. Kallo ɗaya ya yi mata ya gane. Ya sa hannu biyu a baki ya ƙwala kira.

"Sa'a!"

Sau ɗaya ya kira. Sai ga yarinya ta fito da gudu daga bayan wani jirgi, wanda Rahmatu ta wuce ta gabansa ba sau ɗaya ba. Ɗankwalinta cike da katantanwa, ta faɗa jikin ubanta tana kuka. Ashe tsintar ce ta ja ta nesa, da ta juyo ta kasa gane rumfarsu, sai ta tuna gargaɗin Abba ta nemi wuri ta ɓuya.

Rahmatu ta durƙusa a kan yashi. Da sauran muryar da ta rage mata ta tambayi yarinyar ko ba ta ji ana ta kiran ta ba.

Sa'adiyya ta share hanci da bayan hannu.

"Na ji, Umma. Na ji murya irin taki. Amma na san ke ba ki kiran sunana, sai na ɗauka wata ce. Abba ya ce kada mu amsa ma wanda ba mu sani ba."

Ba da gatse ta faɗa ba, iyakar gaskiyarta ke nan. Ruth ta kau da kai tana goge ido.

Rahmatu kuwa ba ta taɓa jin zafin magana irin wannan ba. Da a ce yau ita kaɗai ta zo da yarinyar, da sai dai ta yi ta kira har rana ta faɗi, 'yarta na zaune kusa da ita tana jin ta, tana tsoron ta. Ta tuna albarkar da tsofaffin Ƙofar Guga suke sa mata, ta ga ko ɗaya a cikinsu ba ta nan wurin.

Ta miƙa hannu ta janyo yarinyar daga jikin uban, a gaban mijinta da Ruth da duk wanda ya tsaya kallo. Ta ɗora ta a cinya, abin da ba ta yi ba tun yaye. Yarinyar ta sandare, ba ta san yadda ake zama a wurin ba.

"Ki saurara da kyau, ki riƙe muryar nan," in ji Rahmatu. "Sa'adiyya."

Yarinyar ta dubi ubanta tukuna, kamar mai neman izini. Sannan ta dubi uwarta.

"Na'am, Umma."

Darasi: Kunya ado ce, kuma al'adunmu abin riƙewa ne, amma yaro ba ya ganin abin da ke ɓoye a zuciya. Abin da kunnensa ya ji, da hannun da ya taɓa shi, su ya sani. Iyaye, ku kira 'ya'yanku da sunansu, ku ja su a jiki tun ana zaune lafiya, don ranar da hankali ya tashi su gane muryarku. Ku tura wa wata uwa ko wani uba wannan labari, musamman masu ɗan fari a gida.