Modu a Ƙarƙashin Jar Mota

Akwai wata amarya a Fagge, Jawahir, mai kunyar da ko sunan mijinta Modu ba ta iya faɗa. Modu yana da tsohuwar jar mota mai ƙofa biyu da ya gada wurin mahaifinsa, irin ta tsere, gajera kamar za ta lashi ƙasa. Ba mai taɓa ta. Ita ma Jawahir ya hana ta shiga maƙwabta, wai ba ajinsu ɗaya ba.

Ran nan mota ta ƙi tashi. In ya murɗa makulli sai ƙat-ƙat, shi ke nan. Ya canja batir, shiru. Ya ce kik ne, wato abin da ke tayar da injin, ya je Sabon Gari ya sayo wani.

Maƙwabcinsu Chukwuemeka, mai sayar da kayan mota, ya hango shi ta get yana ɗaga motar da jak.

"Maƙwabci, kar ka shiga ƙarƙashi da jak kaɗai. Bari in kawo katako mu tokare."

"Wannan ba irin motocinku ba ce. Kar wanda ya taɓa min ita!"

Ya rufe get ya danna sakata, ya shige ƙarƙashin motar don ya ɗaura sabon kik.

Jawahir tana gyaran alayyahu a ƙofar kicin ta ga jak yana karkacewa a hankali. Ta buɗe baki, tsoron faɗansa ya rufe mata shi.

Sai ji kake tim! Mota ta sauko masa a ƙirji. Ƙafafunsa kawai take gani suna shure-shure.

"Jawahir... numfashina..."

Ta kama motar ta ja, ko gezau. Ta dubi get ɗin da ba ta taɓa fita ita kaɗai ba. Ta zare sakata ta fita a guje, ba mayafi ba takalmi.

"Jama'a ku taimaka! Modu zai mutu! Modu!"

Chukwuemeka ya fara isowa, sai Ari mai shayi da mutanen layi. Suka sa hannu suka ɗaga. Jawahir da Nkechi, matar Chukwuemeka, suka jawo shi ta ƙafa.

Haƙarƙarinsa ya tsage, amma ya rayu. Da suka je dubiya asibiti, Chukwuemeka ya ce, "Ka yafe mana fa, maƙwabci. Mun taɓa motar."

Modu ya so yin dariya, ƙirji ya hana, sai hawaye.

Ranar da aka sallame shi ya ce da Jawahir, "Ki kai wa Nkechi tuwon nan. Ki zauna ku yi hira, ba sauri."

Darasi: Kada ka sa sakata tsakaninka da maƙwabcinka, domin ranar da nauyi ya danne ka, hannunsa ne mafi kusa. Ku tura wa 'yan uwa su ma su karanta.